Gada a Kan Jijiyar Zuciya: Kada Ka Sayar da Riɗinka Tukuna

Mai karatu, idan kai ko wani naka ya je Masar ko Bur Sudan saboda ciwon ƙirji, aka ɗauki hoton zuciyarsa, mai yiwuwa ne ya dawo Gadarif da takarda mai cewa yana da "gada" a zuciya. Da Larabci likitoci na ce mata jisir adali, wato gadar tsoka. Jin haka, sai gida ya rikice, a fara lissafin buhu nawa na riɗi da dawa za a fitar don a koma a yi tiyata. Ni dai shawarata a dakata, a fara sanin mene ne abin.

Zuciya tsoka ce, kuma tana da jijiyoyin da ke kawo mata jinin da take rayuwa da shi. Waɗannan jijiyoyi a bisa zuciyar suke kwance, kamar tiyo a kan ƙasa. A wajen wasu mutane, wani ɗan yanki na jijiyar yakan nutse cikin tsokar, ya yi 'yar tafiya, sannan ya sake fitowa. Tsokar da ta haye ta sama ita ce gadar. Yawanci a babbar jijiyar da ke saukowa ta gaban zuciya ake samunta. Da ita ake haihuwar mutum. Ba maiƙo ne ya jawo ta ba, ba ɓacin rai ba, ba kuma sammu ba. Ba sabon abu ba ne: tun 1737 wani likita mai suna Reyman ya bayyana ta a jikin gawa, a 1960 kuma aka fara ganinta a hoton jijiyar mai rai.

Abin da ba a cika faɗa wa majiyyaci ba shi ne yawan masu ita. Idan aka bi mutane da hoton siti, akan same ta a wajen kimanin mutum 1 cikin 4 ko 5. Ka tsaya bakin kasuwar amfanin gona ta Gadarif ka dubi masu ɗaukar buhuna: da yawansu suna da ita, ba su sani ba, kuma za su tsufa ba ta taɓa damunsu ba. Dalili kuwa, gadar tana matse jijiyar ne a lokacin da zuciya ta dunƙule, alhali mafi yawan jinin da zuciya ke sha yana shiga ne lokacin da ta saki. Haka Allah ya tsara ta.

Amma akwai 'yan kaɗan da take wa ciwo na gaske, kuma ba daidai ba ne a ce da su "ba komai, tunani ne." Idan gadar tana da zurfi ko tsawo, kuma zuciya ta yi sauri, lokacin sakin yakan gajarce, jijiyar ba ta gama buɗewa ba sai a sake matse ta. Nan ne mutum zai ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji. Ka tuna yadda girbin riɗi yake a wajen watan Oktoba: ba ya jira, in an yi jinkiri ya fashe ya zube, don haka ana yanka cikin gaggawa, da zafin rana, da ƙarancin ruwa, ga jabana da shayi mai kauri a kan cikin da babu abinci. In an haɗa da ƙarancin jini bayan zazzaɓin cizon sauro ko kala-azar, wadda yankinmu ya daɗe yana fama da ita, zuciya sai ta riƙa gudu. Saurayin da ƙirjinsa ke matsewa a irin wannan aiki, ya lafa in ya huta, ya cancanci a duba shi da kyau.

Duk da haka, ganin gada a hoto bai nuna cewa ita ce mai laifi ba. Wannan ne ya fi damuna. Mutum ya riƙe takardarsa, ya daina neman wani dalili, alhali hawan jini na cinsa, ko sukari, ko gyambon ciki, ko tarin fuka. Cibiyar Salam da ke Soba a Khartum, wadda aka buɗe a 2007, yawancin tiyatar da ta yi ta ƙofofin zuciya ce da suka lalace bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi maganinsa ba. Irin cututtukan da suka fi kashe mana mutane ke nan, kuma awon jini, da awon sukari, da sauraren ƙirji duk ana yinsu a nan kusa, ba sai an ketare iyaka ba. Mai shekara 50 da ke shan taba kuma yana da gada, kitsen da ke taruwa a jijiyarsa ya fi gadar haɗari. Kuma kitsen yakan taru ne daf da mashigar gadar.

Sai batun ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, irin su Isordil. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 magani ya yi tsada, mutane suna ba juna aro don taimako. Wannan ƙwaya tana da amfani ga wanda kitse ya toshe wa jijiya, amma ga mai gada tana iya ƙara matsin, ta kuma sa zuciya sauri. Kada ka karɓi ta maƙwabci. Maganin da likita kan fara bai wa mai gada shi ne wanda ke rage gudun zuciya, kamar bisoprolol ko atenolol, wani lokaci diltiazem. Idan kana da asma ka faɗa kafin a rubuta maka, kuma in ka fara sha kada ka yanke shi lokaci guda don kawai ka ji sauƙi.

Tiyata akwai ta, ana tsaga tsokar da ke bisa jijiyar a sake ta. Ana yi wa mutane ƙalilan ne, waɗanda suka sha magani yadda ya kamata ciwon bai bar su ba, kuma gwaji ya tabbatar jini na yankewa a wurin. Wanda ya ce maka a yi tiyata kafin a gwada magani, ka nemi jin ta bakin wani likitan zuciya na biyu.

Ko kana da gada ko ba ka da ita, ciwon ƙirjin da ya wuce minti 15 kana zaune, ko ya zo da zufa mai sanyi, da amai, da numfashi sama-sama, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko ya sa ka suma, ba na jiran gari ya waye ba ne. A nemi raksha ko mota a kai ka asibiti nan take, a tafi da takardunka da kwalayen duk magungunan da kake sha.