Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Kowane ƙarshen wata, kafin albashi ya shiga asusun malamin firamare a Bebeji ko Kiru, an riga an zare haraji daga cikinsa. Ba a neman shawararmu, mu kuma ba ma gardama, domin mun san da haraji ake gina ƙasa. Mai shago a Kwanar Dangora yana biyan nasa, haka ma manomin da ya kai masara kasuwa a Tudun Wada. Shin manyan kamfanonin da suke kwasar ribar biliyoyi a ƙasar nan, su ma suna biyan nasu yadda muke biya?

Wasunsu sun daɗe da gano hanyar zillewa, kuma sau da yawa ba tare da sun taka doka a fili ba. Kamfani zai buɗe reshe a wani tsibiri da ba a karɓar harajin kirki, kamar Mauritius ko tsibiran Virgin na Birtaniya. Reshen ba shi da masana'anta, ba shi da ma'aikata, sai takardar rajista da adireshi. Daga nan kamfanin da ke Najeriya ya riƙa tura wa reshen kuɗi da sunan ladan shawara, ko hayar suna, ko ruwan bashin da ya ci daga hannun kansa. Idan shekara ta ƙare, littafin lissafi ya nuna 'yar riba kaɗan a nan, tsokar kuwa tana can ƙetare.

Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya jagoranta ya bayyana a 2015 cewa Afirka tana asarar fiye da dala biliyan 50 duk shekara ta ɓarauniyar hanya, kuma kaso mafi girma yana fita ne ta harkokin kamfanoni. Takardun Panama na 2016 da na Pandora na 2021 sun fallasa sunayen manyan 'yan Najeriya da suka ɓoye dukiya a irin waɗannan wurare. Ba mu manta ba, a 2020 aka dawo da sama da dala miliyan 300 na kuɗin Abacha daga tsibirin Jersey kaɗai.

Wani zai ce, ina ruwan malamin ƙauye da wannan? Ruwansa kuwa har wuya. Albashinmu yana fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi, kason kuma daga asusun tarayya, inda harajin kamfanoni yake shiga. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko. Idan tukunya ta yoye, kason kowa zai ragu. Duk nairar da ta tsallake teku, benci ne da ba a saya ba, rufin aji ne da ba a gyara ba, ƙarin girma ne da aka ba malami a takarda ba tare da ya gani a aljihu ba. Ba banza ba gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

Bayan riba, aikin ma ya yi hijira. Masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, kuma an yi zamanin da matasan yankinmu suke samun abin yi a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa. Yau mafi yawan atamfar da ke Kantin Kwari daga Sin ake kawo ta, da zanenmu a jikinta, har yadin kayan makarantar ɗalibanmu. Gaskiya ne muna da namu laifin: rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri sun taimaka wajen kashe masaƙu. Gaskiya ne kuma kayan waje sun fi arha. Amma uban da ya rasa aiki, ko littafin rubutu ba ya iya saya wa ɗansa, kuma mu ne muke ganin yaron ranar da ya daina zuwa aji ya kama talla. Mutanen Doguwa sun san wannan darasi tun da daɗewa: shekaru aka yi ana kwasar kuza a Riruwai ana fita da ita, sai a duba abin da aka bar wa garin.

Ɗan aikin da ya rage ma, an sauya masa kama. Bankuna da manyan kamfanoni da dama suna ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila, domin su kuɓuta daga nauyin haƙƙoƙinsu, su kuma hana su shiga ƙungiya. Kada mu ɗauka makaranta ta tsira. Duk inda aka maye gurbin malami mai cikakken aiki da na wucin gadi a kan ɗan alawus, wannan al'adar ce ta shigo mana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai abin da za mu iya. A Nuwambar 2023, Najeriya ce ta gabatar da ƙudiri a madadin ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya, na a tsara dokokin haraji na duniya a zauren da kowa yake da murya, ƙasashe 125 suka goyi baya. Ya kamata ƙungiyarmu ta NUT, ta hannun ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ta matsa wa gwamnati kada ta ja da baya, a biya haraji inda aka samu riba. A nan gida kuma, mu nemi a ba kafintoci da telolin garuruwanmu aikin benci da kayan makaranta, mu tsaya kan a mayar da malaman wucin gadi da suka cancanta cikakkun ma'aikata, mu kuma bi diddigin kowace naira da ta iso ƙaramar hukuma da sunan ilimi. Wanda aka zare wa haraji tun kafin ya taɓa albashinsa yana da bakin yin wannan tambaya.

Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya sa albarka a cikin guminmu.