A Dubi Zaɓen Magani Kafin A Sa Wuƙa

Aikin sauya gaɓa, wato likita ya cire kan ƙashin kwatangwalo ko na gwiwa da ya lalace ya sa na ƙarfe da roba a madadinsa, ya daina zama labarin ƙasashen waje. Ana yinsa a asibitocin ƙashi na Dala a Kano da Igbobi a Legas. Cikin masu zuwa akwai dattawan da ciwon gaɓɓai ya zaunar, akwai kuma samari da 'yan mata masu sikila, waɗanda jini ya daina kaiwa kan ƙashinsu har ya mutu. Sau da yawa sai an sayar da gona ko an ci bashi kafin kuɗin aikin su haɗu.

Abin tsoro a nan shi ne ƙwayoyin cuta, galibi na fatar majinyacin kansa. Ƙarfe ba shi da jini, saboda haka idan suka manne masa suka lulluɓe kansu da yauƙi, magani ba ya cim musu sosai. Sai a cire ƙarfen, a yi makonni ana allura, a sāke wani aikin. Wani har ƙafar yakan rasa.

Dabarar rigakafin kuwa ba sabuwa ba ce. Tun 1961 wani likita a Amurka, John Burke, ya nuna cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta yana hana rauni ruɓewa ne idan ya riga ƙwayoyin isa wurin, in kuwa aka bari sa'o'i uku suka wuce, aikin banza ne. Don haka ƙa'idar da manyan likitoci suka tsaya a kai ita ce a ba da cefazolin giram 2 ta jijiya cikin sa'a guda kafin a sa wuƙa, giram 3 ga mai nauyin kilo 120 ko fiye, a ƙara idan aikin ya zarce sa'o'i huɗu. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ci gaba da shi bayan an gama aikin.

To, a nan gizo ke saƙar. A wurare da dama ceftriaxone ake ɗurawa, don shi ne a sito, kuma a yi ta yi har kwana biyar ko mako guda. Shi kuwa bai kai cefazolin ƙarfi a kan ƙwayoyin fata ba, ga shi yana cikin magungunan da Hukumar ta ce a yi tsimin su, domin yawan amfani da su na koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Dangi ma da nasu laifin: in aka ce allura ɗaya ta wadatar, sai su ga kamar an yi musu rowa.

Wani zai ce ai ɗakunan tiyatarmu ba su kai na Turai tsabta ba, gara a yawaita magani. Ina ganin dalilin fargabar, amma ban yarda da maganinta ba. Allurar kwana na biyar ba ta wanke datti da ya shiga ranar aiki. Haɗa magunguna barkatai ma ba ya ƙara kariya: binciken da aka buga a 2023 kan mutum fiye da 4,000 a Ostareliya ya nuna ƙara vancomycin a kan cefazolin bai rage ruɓewa ba.

Sai kuma masu cewa jikinsu ba ya karɓar fenisilin. Akasarinsu idan aka gwada sai a tarar ba haka ba ne, kuma yawancinsu na iya karɓar cefazolin lami lafiya. Ya kamata a yi wa majinyaci tambayoyi filla-filla kafin a sauya masa da wani magani.

Kirana ga ma'aikatun lafiya da jami'an da ke sayen magunguna shi ne su tabbatar cefazolin bai yanke a sito ba, don likita ba zai ba da abin da babu ba. Kowane asibiti kuma ya rubuta ƙa'idarsa ya manna a ɗakin tiyata, a riƙa sa lokacin allura da lokacin sa wuƙa a takardar majinyaci, shugaban sashe ya duba su duk ƙarshen wata.