Ba tsautsayi ba ne, siririyar waya ce

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai an yi shawara da aljihu, farantan sola kuwa suka mamaye rufin gidaje. Sai dai wata ɗabi'a ta biyo su. Magidanci zai kashe miliyoyi a kan faranti da batir da inbata, amma da an zo kan waya sai ya tsaya ciniki kamar mai sayen tumatir. Ran da ƙaurin roba ya tashi, sai a ce tsautsayi ne. Ni ban yarda ba. Sakaci ne, kuma lissafi ya isa shaida.

Inbatar da ke ba da wat 1,500 daga batir mai bolt 12 tana zuƙar aƙalla ampiya 125. Wannan nauyin a wutar gida mai bolt 230 bai kai ampiya 7 ba. Zafin da waya ke yi kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ampiya: in ampiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Saboda haka wayar soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ba ta da hurumi tsakanin batir da inbata, wurin da ke neman kusan 35. Da an haɗa tsarin a bolt 48, ampiya za ta sauko zuwa 31, zafi a waya ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin 16.

Za a ce jan ƙarfe ya yi tsada. Gaskiya ne, amma tazarar batir da inbata ba ta cika wuce mita ɗaya ko biyu ba. Wanda ya guje wa wannan kuɗin yakan faɗa hannun masu sayar da alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, wanda da an kankare shi fari ke bayyana. Alminiyom yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. Araha ba ta ado.

Mahaɗa ta fi waya haɗari. Noti ɗaya da bai ɗauru ba a kan batir yana iya fitar da zafin wat 100 a wurin da bai fi farce ba. Zafin ya ƙara sassauta shi, sassaucin ya ƙara zafi. Haka mahaɗar MC4 ta kan rufi take yi in an matse ta da filaya, ko an aurar da ta wani kamfani da ta wani. Kuma wutar batir da faranti a miƙe take gudu, ba kamar ta gida ba da ke faɗuwa sifiri sau 100 a daƙiƙa. In tartsatsinta ya kama, ba ya saurin mutuwa. Shi ya sa makatsar wutar gida ba ta dace da ita ba.

Mai haɗawa zai ce ya shekara yana yin haka ba abin da ya faru. Jadawalin kaurin waya an gina shi ne a kan zafin digiri 30, robar da aka saba rufe waya da ita kuma iyakarta 70. A Sakkwato da Maiduguri, Afrilu kan haura 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Abin da ya tsira a hunturu, bazara na jiransa.

Don haka, mai karatu, ka kunna kayanka masu nauyi na rabin awa, ka taɓa robar waya da bayan hannu, ban da ƙarfe. In duk tsawonta ya yi zafi, ta yi siriri. In wuri ɗaya ne, mahaɗa ce. Ka kashe komai kafin a ɗaure, kada a zare MC4 wuta na gudu, kuma ka tabbata akwai fis dab da batir. Ka tambayi mai haɗawa ampiya nawa wayarsa ke ɗauka, ka nemi ganin shaidarsa ta hukumar NEMSA. In ya kama inda-inda, ka sallame shi tun iyalinka ba su kwana a kan aikinsa ba.