A Dawo Mana Da Katun Mai Ƙarewa

Da zarar hunturu ya kama, makarantu sun ba da hutun ƙarshen shekara, sai wani ya ɗora hoton tsohon katun a Facebook ya rubuta "wa ya tuna?" Kafin ka ce kwabo mun cika wurin, mu da muka fara furfura, kowa na ba da labarin falon da ya zauna ya kalla. Ba a daɗewa kuma sai mai hikima ya iso, yawanci ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ce mana tsufa ne ke damunmu: wai ba katun muke kewa ba, yarintarmu muke kewa, kuma na yanzu sun fi kyan zane, sun fi launi, har ƙirga da baƙaƙe suke koyarwa. Mun daɗe muna haɗiye wannan magana. Yau za mu amsa ta.

Rabinta gaskiya ce, ba za mu ɓoye ba. Muna kewar zaman jiran ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da NTA ko CTV ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, ba ta buɗe ba, allon ba komai sai layukan launi, mu kuwa mun riga mun jeru a ƙasa a gidan maƙwabcin da ke da akwatin, ƙafafu duk kaushi, kowa na addu'ar kada a ɗauke wuta. Kuma ba duk abin da muka kalla ne mai taushi ba. Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, duka ne tsagwaronsa: a maƙe kyanwa da ƙofa, a daka mata guduma, mu kuma mu yi ta tuntsira dariya. Wanda ya ce komai na da alheri ne, ya manta ne ko kuma yana ƙarya.

Amma a cikin tarkacen akwai wani jinsi daban, wanda ake yi domin lokacin hutu, a nuna sau ɗaya a shekara. Yawancinsu na Kirsimeti ne, daga Ingila da Amurka, bikin da ba na akasarinmu ba, cike da dusar ƙanƙarar da ba mu taɓa gani ba. Wasu a talabijin muka ci karo da su, wasu a kaset ɗin bidiyo da ake aro gida-gida har hotonsa ya fara rawa. Sunayensu ma sai da muka girma muka sani. A kan waɗannan muke jayayya, kuma ba sai an dogara da ƙwaƙwalwarmu ba, domin suna nan, kowa na iya kallo ya auna.

Ɗauki The Snowman. Tashar Channel 4 ta Ingila ce ta fara nuna shi ranar 26 ga Disamba, 1982, tana da wata biyu kacal da buɗewa. An ɗauko shi daga littafin Raymond Briggs na 1978, littafin da babu kalma ko ɗaya a cikinsa sai zane, Dianne Jackson ta ba da umarni, Howard Blake ya tsara kiɗan. Minti 26 ne, kuma cikin labarin ba wanda ya buɗe baki ya yi magana, sai kiɗa da waƙa guda. Yaro ya gina mutum-mutumi da dusar ƙanƙara, da tsakar dare ya tarar abin ya rayu, suka zagaya gida a hankali kada iyaye su farka, suka hau babur, suka tashi sama suka ƙetare teku. Gari na wayewa yaron ya fito da gudu, rana ta fito, abokinsa ya narke. Ba abin da ya rage sai hula da ƙyallen wuya da 'yan gawayi a kan tsibin ƙanƙara. Yaron ya durƙusa. Shi ke nan, aka fara jero sunayen waɗanda suka yi aikin.

Mu da muka girma a ƙasar da ƙanƙara sai a cikin firji ko ruwan sama mai duwatsu, mun gane wannan durƙuson sarai. Duk yaron da ya yi wata guda yana ba ragon layya dusa, ya raɗa masa suna, sannan ranar Sallah ya tsaya yana kallon igiya ba rago, ba ya buƙatar tafinta. Waɗanda suka yi wannan fim sun amince yaro zai iya ɗaukar baƙin ciki na minti ɗaya ba tare da an yi maza an toshe masa baki da alewa ba. Wannan amincewa ita muke kira taushi.

Na Amurka ya girme shi. A Charlie Brown Christmas ya fito a tashar CBS ranar 9 ga Disamba, 1965, daga zanen Charles Schulz, Bill Melendez ya ba da umarni. Labarin yaro ne da kowa ke murnar biki shi kuwa ransa a jagule, ya rasa dalili, yana ganin an mayar da bikin kasuwa. Da aka aike shi sayen bishiyar ado sai ya zaɓo wata 'yar ƙanjamammiya da ganyenta ke zuba, yara suka yi masa ca. A wancan zamani al'ada ce a naɗi dariyar mutane a liƙa a shirin ban dariya don mai kallo ya san inda zai yi tasa. Schulz ya ƙi. Maimakon manya masu kwaikwayon muryar yara, aka ɗauko yaran gaske, har da wadda ba ta iya karatu ba, sai an faɗa mata ta maimaita. Kiɗan kuwa jaz ne mai sanyi na Vince Guaraldi. Da manyan tashar suka kalla kafin a saka, ba su ji daɗinsa ba, suka ce ya cika nawa. Daren da aka nuna shi, kusan rabin masu kallon talabijin a Amurka shi suka kalla, ya kuma ci kyautar Emmy da ta Peabody. Kada a ce mun mayar da su waliyyai: Coca-Cola ce ta ɗauki nauyinsa, neman kuɗi ake. Sai dai ɗan kasuwar wancan lokaci rabin awa ya saya, rabin awar na cika dole ya saki yaron.

To, a nan muke so ɗan'uwanmu mai hikima ya tsaya ya saurara. Abin da ke cikin wayar da muke miƙa wa 'ya'yanmu ba a gina shi don ya ƙare ba. Ɗaya na zuwa ƙarshe, wani ya hau kansa, kafin yaro ya ɗaga kai an shiga na uku. Kamfanin Moonbug, mai CoComelon, wanda waƙoƙinsa ke tashi a ɗakunan Kano da Maraɗi kamar yadda suke tashi a Landan, an sayar da shi a 2021 a kan kusan dala biliyan 3. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda suke gwada shirye-shiryensu: a zaunar da ƙaramin yaro gaban shirin, a ajiye wani ɗan allo a gefe yana nuna abubuwan yau da kullum marasa armashi, kamar zuba kofi a kofi ko aski, duk sanda yaron ya waiga sai a rubuta daidai wurin, domin a gyara. Wato waigawar yaro ita ce cutar da ake nema wa magani. A 2019 kuma Google da YouTube sun amince su biya dala miliyan 170 a Amurka kan zargin tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. Wannan ba kewar tsofaffi ba ce, lissafin kasuwa ne, kuma hajar da ake sayarwa idon ɗanka ne.

Akwai wani gwaji da Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia ta wallafa a 2011: yara 60 'yan shekara huɗu, wasu suka kalli SpongeBob na minti tara, wasu katun mai tafiya a hankali, wasu suka yi zane. Nan take aka gwada natsuwarsu da haƙurinsu, 'yan SpongeBob suka zo a baya. Gwajin ƙarami ne, kuma tasirin nan take kawai ya auna, don haka ba za mu ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma kowace uwa da ta taɓa ƙwace waya daga hannun ɗan shekara uku ta san irin ihun da ke biyo baya. Mu da aka rufe mana tasha, tsaki muke yi mu fita wasan langa.

Wani abin takaicin, su kansu tsofaffin an kulle su. Charlie Brown ya shekara fiye da hamsin ana nuna shi kyauta a talabijin ɗin Amurka, daga CBS zuwa ABC, har 2020 da Apple ya karɓe shi ya kai dandalinsa na biyan kuɗin wata-wata, yana buɗe ƙofa kyauta na 'yan kwanaki a shekara. Katun ɗin da ya yi kukan an mayar da biki kasuwa, shi ne yau a bayan kanta.

Yanzu mu juyo kanmu, don laifi tudu ne. Mu masu rubuta "Allah sarki da" a ƙarƙashin hoton, da wane hannu muke miƙa wa yaro waya idan muna son ya ƙyale mu? Da wannan hannun dai. Mun san uzurin, kuma ba na wasa ba ne: uwa na girki, ga wanki, ga goyo, gidan haya ba tsakar gida, titi ba aminci, kakar da za ta tara jikoki tana can ƙauye. Waya ta zama 'yar raino mafi arha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Mu faɗi gaskiya, a gidajenmu nawa ake cika wannan? Amma ko a cikin wannan matsi akwai zaɓi. Maɓallin da ke hana wani bidiyo hawa kan wani yana nan, daƙiƙa biyu ne a kashe shi. Ana iya sauke abu guda mai farko da ƙarshe, a kashe data, a zauna tare da yaron ko da rabin lokacin ne.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, wannan ilimi namu ne tun kafin a ƙera talabijin. Tatsuniya ba a yin ta da rana, tana da lokacinta, sai an ci tuwon dare an shimfiɗa tabarma. Tana da mabuɗi, tana kuma da marufi: da an ce ƙurunƙus, magana ta ƙare, kowa ya nemi makwanci, ko da kuwa Gizo bai gama shan wahala a ranka ba. Tashe sai watan azumi ya kai goma. Mutanen da suka san a ajiye abu sai lokacinsa, su ne yau ba su da katun ɗin Sallah ko guda da yara za su yi shekara suna jira. Kannywood na fitar da fina-finai masu dogon zango kashi bisa kashi, na soyayya da kishi da gado, amma minti ashirin da biyar na yaro da ragonsa, ko na yarinyar da telan unguwa bai gama ɗinkinta ba har daren jajibere, ya gagara. Ba rashin masu zane ba ne. Adamu Waziri ya yi Bino and Fino a Abuja, ga kuma matasa birjik da ke zana abin mamaki da kwamfuta. Masu kuɗin ne ba su ga yaro a matsayin mai kallon da ya cancanci a kashe masa ba, tashoshin kuma sun fi son abin da za su cika awa da shi a arha. Idan za a yi, roƙonmu kada a kwaikwayi masu walƙiya da ihu, kada kuma a mayar da shi darasin aji mai wa'azi a kowane minti. A yi shi a hankali, a bar shiru a inda shiru ya dace, a nuna shi ranar Sallah bayan an sauko daga idi, sannan a ɗauke sai baɗi.

Hutun bara mun gwada a gida. Muka tara yara huɗu, muka jingina waya da kwanon sha, muka saka musu The Snowman. Minti biyar na farko sai mutsu-mutsu suke, babban yana tambaya wai sautin ya lalace ne, ya ji ba a magana. Can sai ɗakin ya yi tsit. Da aka zo wurin hula da gawayi, ƙaramar, 'yar shekara biyar, ta kai yatsa za ta shafa allon kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba, ina na gaba?" Muka ce babu na gaba. Ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta tambaya ko in an sake yin sanyi zai dawo, yayanta ya ce ai ya narke, ita ta ce ƙarya ne, suka fita tsakar gida suna gardama, wayar na jingine a inda take.