Saɓanin Tafiyar Gizagizai Ba Alamar Fitina Ba Ne

A kowace damina, musamman cikin watan Agusta, mukan ji maganganu sun yawaita idan jama'a suka ɗaga kai suka ga gizagizan da ke ƙasa-ƙasa sun nufi gabas, na samansu kuma sun yi yamma. Nan take wasu su ce alamar fitina ce ko mutuwar wani babba, bokaye kuwa kasuwarsu ta buɗe. Muna kira ga 'yan'uwa da su yi watsi da wannan camfi, domin al'amarin yana da sababi sananne.

Gajimare ba shi da tafiyar kansa. Iskar da yake cikinta ce ke ɗauke da shi, ita kuwa iska hawa-hawa take. Da damina, iskar da ke kusa da ƙasa tana tasowa ne daga tekun Atilantika ɗauke da laima, ta nufi arewa maso gabas. A samanta, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar teku ke haifarwa. Kowane gajimare yana bin hawan da ya samu kansa a ciki. Ba karo za su yi ba, kamar yadda motar da ke bisa gada ba ta karo da wadda ke wucewa ƙarƙashinta.

Wannan saɓani ma yana taimaka wa hadari ya haɗu ya kuma daɗe: ta ƙasa ta kawo laima, ta sama ta kora hadarin yamma. Shi ya sa manomi a Kano ko Damagaram gabas yake duba idan yana jiran ruwa. Malaman makarantunmu su riƙa fito da yara fili suna nuna masu wannan da idonsu.