Wa Aka Ƙera Wa Wayar Da Ke Aljihunka?

A gidanmu na Yashe akwai wani kaset na bidiyo kwance a ƙasan akwatin mahaifiyarmu, an naɗe shi cikin ɗankwali. Bikin yayata ke ciki, wanda aka yi tun ina ɗan ƙaramin yaro. Mutum ɗaya ne ya ɗauka, an ɗauko shi haya daga Kano, ya yini da kyamara bisa kafaɗa, yaronsa na biye da shi riƙe da fitila da igiyar wuta. Bara kuwa aka yi bikin ƙanwata, wayoyin da aka ɗaga sama a ranar ba su ƙirguwa. Bayan 'yan watanni kakarmu ta rasu, mahaifiyarmu ta ce a nuna mata wurin da tsohuwar take sa wa amarya albarka. Muka shiga nema. Wannan wayarsa ta faɗi ta fashe, wancan ma'ajiyar tasa ta cika ya goge, wani an sace masa a mota, wata kuma batirin tata ya kumbura ta ƙi tashi. Abin da muka tsira da shi shi ne wani ɗan guntu dishi-dishi da bai kai minti ɗaya ba, wanda ya yi ta yawo a WhatsApp har ya ƙoƙe.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, ban kawo wannan labari don in yi kukan zamanin da ya wuce ba. Kaset ma yana lalacewa, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset ɗin VHS, ya daina tun 2016. Na kawo shi ne don ya sa na yi wa kaina tambayar da ya kamata kowane ɗayanmu ya yi kafin ya zare kuɗi daga aljihu: shin wannan abu da nake shirin saye, da wa maƙerinsa yake tunani sa'ad da yake zana shi?

Mu fara da kyamarar kafaɗa, tun da ita ta riga zuwa. Kamfanin JVC ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, Sony kuma ya fito da Betamovie a 1983, watau na'urar da ta haɗa kyamara da abin naɗa hoto a jiki ɗaya, sa'an nan Handycam ta biyo baya a 1985. Duk wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan ya san kowace gaɓa tasu da aikinta. Akwai maɗaurin da ake zura hannu don kada ta suɓuce. Akwai gilasai masu motsi a cikinta da ke jawo abu mai nisa ya zo kusa ba tare da hoton ya dagule ba. Batir a waje yake, in ya ƙare a ɓalle shi a maƙala wani. Abin da aka ɗauka kuma yana fitowa a hannu, kaset ne da za a rubuta wa suna a ajiye. Da irin waɗannan kayan ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, daga nan sana'ar da ake kira Kannywood ta tsiro, ta ciyar da dubban gidaje. Ba don mu aka ƙera kyamarorin nan ba, amma an ƙera su yadda mai hannu zai iya buɗewa ya gyara, shi ya sa muka iya mallakarsu mallaka ta gaskiya.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna Nokia 1100 da ta fito a 2003, mai tocila a ka da madannai rufaffu waɗanda ƙura ba ta shiga cikinsu da sauƙi, batirinta kuwa ya yi kwanaki. Manomi a Kusada bai bukaci a yi masa talla ba kafin ya gane amfanin tocila a garin da wuta ba ta zama. Daga 2007, da Apple ya fito da iPhone, sai akalar ƙira ta juya: waya ta zama fallen gilashi, ana gasar wa ya fi siranta, wa ya fi sheƙi. Domin a sami wannan siranta aka manne batir da gam a ciki, aka rufe bayan waya ruf. A 2016 Apple ya cire ramin abin sauraro daga iPhone 7, wasu suka bi sahu. Samsung ya cire gurbin katin memori daga manyan wayoyinsa na Galaxy S21 a 2021. Rediyo ma ya ɓace daga mafi yawan wayoyi masu tsada.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari yana da ma'ana ga mutumin da ke zaune a birnin London ko Seoul, wanda wuta ba ta ɗauke masa, intanet ɗinsa ba ya yankewa, hotunansa kuma suna hawa rumbun intanet da kansu yana barci. To, kawo wannan waya Yashe a tsakiyar bazara. Apple da kansa ya rubuta cewa wayarsa an yi ta ne don aiki tsakanin ma'aunin zafi 0 zuwa 35, alhali kuwa a ƙasar Katsina cikin Afrilu da Mayu zafi kan haura 40. Zafi shi ne babban abokin gaban irin batirin da ke cikin wayoyin nan. Ga ta a shagon mai caji, an jera ta da 'yan'uwanta hamsin bisa katako ƙarƙashin rufin kwano, janareta na ruri, wuta na hawa tana sauka. Hunturu ya zo ya cusa mata ƙura a ramin caji. In batirin ya gaji, abin da a da yaro kan canza cikin ƙiftawar ido ya koma aikin da sai an gasa bayan waya an ɓamɓare, galibi sai an dangana da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Da yawa ba su kai wa can, sai su jefa ta cikin durowa da duk abin da ke cikinta.

Batun rediyo kuwa kada wani ya ɗauke shi wasa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Malumfashi da Dutsin-Ma, waɗanda ba su da nisa da mu. Makonni da dama mutanen can suka yi babu kira babu saƙo. A irin wannan hali, 'yar ƙaramar waya mai rediyo ta fi waya ta naira miliyan amfani, domin ita tana kawo labari ko babu sabis.

Sai kuma zancen kyamarar waya, inda aka fi yaudararmu. Mai shago zai ce maka wannan megafiksel 50 ce, waccan 108, ga idanu uku ko huɗu a bayanta. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, kyan hoto ya fi dogara ga faɗin farantin da ke karɓar haske da ingancin gilashi, kuma yawancin wayoyin nan suna haɗe ɗigo huɗu ko tara su zama ɗaya, hoton da zai fito a ƙarshe bai wuce megafiksel 12 da 'yan kai ba. A wayoyi masu araha, wasu daga cikin idanun nan kusan ado ne. Jawo hoto kusa da yatsa biyu kuwa, in waya ba ta da gilashi na musamman don haka, yanke hoton kawai ake yi a buɗa shi. Bidiyo mai lambar 4K da ake alfahari da shi yana cin ɗaruruwan megabait a minti guda, ya cika waya kafin a kai amarya, in ka tura wa ɗan'uwa kuma manhajar ta matse shi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Adalci ne a faɗi cewa akwai waɗanda suka zo suka dube mu kafin su ƙera. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya lura cewa ɗan Afirka yana riƙe layi biyu ko fiye saboda sabis ba shi da tabbas, sai ya yi waya mai gurbin layi biyu. Ya sa manyan batura, ya daidaita kyamara don ta fito da fuskar baƙar fata, abin da masu harkar hoto na Yamma suka daɗe ba su kula da shi ba, tun zamanin da Kodak ke auna launi da hoton farar mace. Da wannan ya kama wajen rabin kasuwar manyan wayoyi ta Afirka. Darasin a fili yake: wanda ya saurare mu ya ci kasuwarmu. Amma kada mu mai da shi waliyyi. A 2020 masu binciken tsaron na'urori sun gano muguwar manhaja da ta zo a cikin wasu wayoyin Tecno W2 tun daga kwali, tana cinye wa mutane data da kuɗi, kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya ne. Ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne, ko daga gabas ya fito ko daga yamma.

Akwai wani abu da ya fi ci mini rai a matsayina na mai karatu da rubutu da Hausa, shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Tun shekarun 1930 aka daidaita su, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Yau ga mu da na'urar da ta fi injin ɗab'in wancan zamani ƙarfi ninkin-ba-ninkin, amma muna rubuta fada muna nufin faɗa, muna rubuta kasa muna nufin ƙasa, baki da baƙi sun zama abu ɗaya. Haruffan suna nan, allon rubutu na Gboard yana da Hausa, sai dai a ɓoye suke sai wanda ya tona. Laifin rabi na maƙera ne, rabi namu ne 'yan boko da muke ganin ƙasƙanci ne a ga wayarmu tana magana da harshen iyayenmu.

A nan ne maganata ta dawo kanmu. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Albashin shekara guda cur a kan wannan ma'auni bai kai kuɗin sabuwar babbar iPhone ba. Duk da haka za ka ga matashin akawu a sakatariyar Kankiya, ko ɗalibi a Dutsin-Ma, ya ci bashi ko ya shiga adashi don ya riƙe wayar da za a gani a ce wane ya iso, ko da tsohuwa ce wadda wani ya gama yayinta a Turai, batirinta ya riga ya tsufa. Kayan aro ba ya rufe katara. Mu ne kuma mutanen gida ke tambaya wace waya za su saya, don a ganinsu mun yi karatu. In mun auna ta da sheƙi, da sheƙi za su auna.

Wani zai ce mu da ba mu ƙera ko allura ba, ina mu ina gaya wa maƙera yadda za su yi? Amsa ita ce mai saye da yawa yana da baki, in yana da hukuma a bayansa. Tarayyar Turai ta tilasta wa kamfanoni yin ramin caji iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen Disamba na 2024, Apple ma ya bi tun daga iPhone 15. Daga Yuni na 2025 ta wajabta a ci gaba da samar da kayan gyaran waya har shekara bakwai bayan an daina sayar da ita. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ita ke ba da izini kafin a sayar da kowane samfurin waya. Me zai hana a sa cikin sharuɗɗan izinin cewa tilas waya ta zo da haruffan Hausa da Yarbanci da Ibo a sarari, tilas a sami batirinta na asali a kasuwa, tilas a rubuta a kwali shekara nawa za a yi ana sabunta manhajarta? Wannan magana ce da ƙungiyarmu za ta iya rubutawa ta miƙa wa wakilanmu na Majalisar Tarayya, har da mai wakiltar Kankiya da Ingawa da Kusada.

Kafin nan, akwai abin da ba ya jiran hukuma. Duk wanda zai je gida hutun nan, ya sayi katin memori ko ɗan filashi, ya bi 'yan'uwa waya-waya ya kwashe hotunan tsofaffi da muryoyinsu, ya yi kwafi biyu, ya wanke 'yan kaɗan a takarda. Ni dai na riga na roƙi mahaifiyarmu ta ba ni aron kaset ɗin nan in kai Kano a juye shi, ta ce sai na yi alkawarin dawo mata da shi cikin ɗankwalinsa.