Aiki da Rana, Karatu da Dare: Kada Mu Rena 'Yan Koyon Akanta

'Yan'uwa, a cikin ikkilisiyoyinmu akwai samari da 'yan mata waɗanda ba mu cika ganinsu a taron tsakiyar mako ba. Da safe suna ofishin masu binciken kuɗi, da yamma suna ajin shirin jarrabawa, da dare kuma suna bisa littafi har ido ya yi ja. Sau da yawa mukan ji iyaye suna gunaguni, suna cewa taura biyu ba ta taunuwa, yaro ya zaɓi ɗaya, ko aiki ko makaranta. Mu kam muna ganin wannan magana tana bukatar gyara. A sana'ar akanta, aikin da kansa makaranta ne, muddin dai ana koya wa yaron da gaske.

Bari mu duba abin da ɗan koyo yake yi a irin wannan ofishi. Ana ba shi tarin rasit da bauca, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga ko sun dace da abin da aka rubuta a littafin shiga da fitar kuɗi. Yakan ɗauki takardar da banki ya aiko ya gwada ta da littafin kamfani, in akwai bambancin ko naira ɗari ne, sai ya nemo inda ta maƙale. Ƙarshen shekara kuma a tura shi sito ya ƙirga kaya da hannunsa, buhu buhu, kwali kwali, domin a tabbata abin da ke takarda yana nan a ƙasa. Ƙa'idar rubuta kowane ciniki sau biyu, gefen karɓa da gefen bayarwa, tsohuwa ce, tun shekarar 1494 Luca Pacioli ya bayyana ta a rubuce a ƙasar Italiya. Ana iya haddace ta a aji cikin mako guda. Amma gane rasit ɗin da aka yi wa gyaran fuska, wannan sai wanda ya zauna kusa da gwani. Gani ya kori ji.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Akintola Williams, ɗan Nijeriya na farko da ya zama cikakken akanta, ya sami shaidarsa a Ingila a 1949, ya dawo gida ya buɗe ofishinsa a Legas a 1952. Ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ta buɗe tsarin ATS a 1989, inda wanda ya gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, zai iya soma hawa mataki mataki ba tare da ya jira gurbin jami'a ba. Ƙungiyar ANAN ita ma, wadda ta sami amincewar doka a 1993, tana da kwalejin horon akantoci a Jihar Filato. Ga iyalin da ba su da ƙarfin biyan kuɗin jami'a na shekara huɗu, wannan ƙofa ce babba. Yaro yana samun ɗan abin sabulu, yana biyan kuɗin jarrabawarsa, yana kuma tara gwaninta wadda mai digiri zai zo ya nema daga baya.

Amma ba za mu ɓoye wahalar da ke ciki ba. Kamfanoni da yawa suna rufe littattafansu a ƙarshen Disamba, saboda haka daga Janairu zuwa Maris ɗan koyo ba ya da lokacin kansa. Mun san wata yarinya da ta faɗi jarrabawa sau biyu, ba don rashin kai ba, sai don maigidanta ya hana ta ko hutun mako ɗaya ta yi bita. Mun kuma ga waɗanda suka shekara biyu a ofis, abin da suka iya shi ne sayo abinci da kai wasiƙa. Wannan ba koyo ba ne, bauta ce da aka sa wa riga mai kyau. Ku masu ofisoshi da kuke cikinmu, in kun ɗauki ɗan wani da sunan koyo, to ku koya masa. Ku zaunar da shi ku nuna masa dalilin kowane abu, ku ba shi hutun jarrabawa, ku biya shi abin da zai kai shi ofis ya komar da shi gida. Ku tuna ku ma wani ne ya riƙe hannunku.

Akwai kuma abin da ya fi gajiya haɗari. Wata rana za a miƙa wa ɗan koyo takarda a ce ya sa alama cewa ya duba, alhali bai duba ba, ko kuwa ya ga ɓaraka a ce masa ya kau da kai, manya sun riga sun shirya. A nan ne ake gane ko wane irin akanta zai zama. Dukan amfanin mai binciken kuɗi yana cikin kalma ɗaya, amana. A Amurka, kamfanin Enron ya rushe a 2001 bayan an gano an ɓoye basussukansa, kamfanin Arthur Andersen da ke bincika littattafansa, ɗaya daga cikin manya biyar na duniya a lokacin, shi ma ya bi shi a 2002. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Idan ƙaton kamfani irin wannan bai tsira ba, ina ga yaron da bai ko karɓi satifiket ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da ya saba sa alamar ƙarya a kan ƙaramin rasit ba zai yi rawa ba ranar da aka kawo masa babba.

To, mene ne namu a ciki? Iyaye, kafin ku ba da ɗanku, ku je ku ga ofishin da idonku. Ku tambaya ko maigidan yana da rajista da ƙungiyar akantoci, ku tambayi waɗanda suka riga suka koya a wurinsa ina suke yau. Ku rage wa yaron aikin gida lokacin jarrabawa, kada kuma ku ɗora masa nauyin iyali duka a kan ɗan abin da yake samu. Idan ya dawo ya ce ya ƙi sa hannu a kan abin da bai gamsu da shi ba, har aiki ya kuɓuce masa, kada ku kira shi wawa. Ku tsaya bayansa.

Mu ma a majalisun ikkilisiya muna da rabonmu. Sau nawa rigima ta tashi a taron shekara saboda littafin ma'aji bai fita sarai ba, ba don an ci kuɗi ba, sai don ba wanda ya iya rubutun? Ga 'ya'yanmu nan suna koyon wannan aiki kullum. Mu jawo su su taimaki ma'aji, su nuna mana yadda ake ajiye rasit da yadda mutum biyu suke ƙirga baiko su sa hannu tare. Wannan zai kāre sunan ma'aji mai gaskiya, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku kuma 'yan koyo, ku yi haƙuri da ƙaramin matsayi, ku yi tambaya ba kunya, kada faɗuwa ɗaya ta sa ku jefar da littafi. Sannu ba ta hana zuwa. Ubangiji ya ba ku ƙarfi, ya kuma tsare hannuwanku.